Takardar izini ba ta tace ruwa

Makonni biyu bayan saukar ruwan farko na bana, na je gaishe da kawuna a ɗaya daga cikin unguwannin da suka yi wa Abuja ƙawanya, irin waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwa ke kwana a cikinsu, gari na wayewa su yi sammako zuwa cikin birni. Da aka kawo mini ruwa sai na ga ba na randa ba ne kamar yadda aka saba a gidan, na leda ne guda biyu a kan faranti. Kawu ya lura da kallon da na yi wa farantin, sai ya ce, "Sha wannan, ɗana. Rijiyar tamu ta fara wari tun da aka yi ruwan nan, yanzu wanki kawai ake yi da ita."

Bayan sallar La'asar ya zagaya da ni bayan unguwar. Akwai wani ƙaton rami da aka haƙi jar ƙasa a cikinsa lokacin da ake shimfiɗa titi, wanda daga baya ya zama juji. Motocin shara suna juye kayansu, masu amalanke suna juye nasu, yara 'yan jari-bola suna tono da ƙarafa masu lanƙwasasshen baki. A gindin tulin sharar, wani baƙin ruwa mai kauri kamar tsohon man inji yana tsatsowa, ya yi wa kansa hanya a tsakanin ledoji, ya taru a wani kwari, daga nan ƙasa ta shanye shi. Tafiyar da ba ta wuce minti uku ba daga wurin, sai ga katangar gidan da ake ɗura ruwan ledar da na sha.

Kawu ya san manajan gidan, saboda haka muka shiga muka gaisa. Mutum ne mai fara'a, ya ba mu kujeru. Bayan an taɓa hira na ce masa, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a gwada ruwan rijiyar burtsatsenku?" Bai ji haushin tambayar ba. Ya ɗaga hannu ya nuna mini bango, inda aka jera takardu uku cikin gilashi, kowace da hatimi da sa hannu, ya ce, "Malam, ai mu muna da takarda. Babu wadda ba mu da ita."

Ban yi shakkar takardun ba, kuma har yanzu ba na shakkarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na tambayi halin da ruwa yake ciki yau, an amsa mini da abin da aka rubuta shekarun baya, kuma manajan ya gamsu a ransa cewa ya amsa. Wannan ɗabi'a ba tasa ba ce shi kaɗai. Haka muke tafiyar da jujin gwamnati, da mayanka, da wurin tace ruwan masai, da masana'anta: ranar da aka karɓi takardar izini ita ce ranar da ake ganin an gama da maganar muhalli.

Ra'ayina shi ne duk wurin da ake tara shara, ko ake sakin gurɓataccen ruwa, ko ake ɗibar ruwan da jama'a za su sha, dole ne a riƙa auna ruwansa a lokuta sanannu, wanda ba mai wurin ba ne ya yi awon, kuma a kafe sakamakon inda maƙwabta za su gani. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma shi ne aka fi gudu.

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba

Takardar izinin muhalli yarjejeniya ce mai sharuɗɗa. Hukuma tana cewa an yarda ka yi aikinka a wuri kaza, muddin abin da kake sakawa cikin kogi bai wuce adadi kaza ba, kuma kana kawo rahoto lokaci kaza. Ranar da aka ba da ita babu abin da aka tabbatar tukuna, alkawari kawai aka ɗauka.

Nijeriya ta fara ɗaukar wannan batu da gaske ne a 1988, bayan an gano dubban ganguna na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. A wannan shekarar aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli, ita kuma ta fitar da ƙa'idojin tsafta da shara a 2009, da na ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. A ƙarƙashin ƙa'idojinta ana buƙatar masana'antu su miƙa rahoton binciken muhalli duk shekara uku.

Akwai wani abu a tsarin nan da ya dace a lura da shi. Kafin a amince da babban aiki, ana ajiye rahoton nazarinsa a bainar jama'a na tsawon kwanakin aiki 21 don kowa ya karanta ya faɗi albarkacin bakinsa. Ke nan doka ta yarda cewa jama'a suna da haƙƙin ganin alkawarin. To, me zai hana su ga yadda ake cika shi? Alkawarin hasashe ne na abin da zai faru, awon da ake yi bayan shekara biyu ko biyar kuwa shi ne abin da ya faru, kuma shi ne yake shiga cikin cikkunan yara.

"Ai ido ma yana gane ruwa mai kyau"

Wannan ita ce magana ta farko da za ka ji, kuma tana da tushe. A babin tsarki an koya mana cewa ana duba ruwa ta launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. Iyayenmu mata da wannan ma'auni suka raine mu, kuma da shi ne kawu ya gane rijiyarsa ta lalace, domin ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai wannan ma'auni na hukuncin tsarki ne, kuma an gina shi a kan irin ƙazantar da ido da hanci suke kamawa. Jujin zamaninmu ba toka da ɓawon rogo kaɗai ke cikinsa ba. Akwai matattun batura, da ragowar fenti, da baƙin man inji, da fasassun kayan lantarki, da magungunan da suka lalace, da allurai daga ƙananan ɗakunan shan magani. Idan ruwan sama ya ratsa wannan tuli sai ya jiƙa komai kamar yadda ake jiƙa tsimi, ya fito ta ƙasa ɗauke da abin da ya narke. Baƙin ruwan da na gani ke nan. Ƙasa tana tace launinsa da warinsa yayin da yake tafiya, amma ba ta riƙe duk abin da ya ɗauko, saboda haka yana iya isa rijiya garai-garai alhali gubar tana nan.

Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ya ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, kada sinadarin naitiret ya wuce miligiram 50, kuma kada a sami ko ƙwaya ɗaya ta ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa a cikin mililita 100. Babu harshen da zai ɗanɗano 0.01. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba tare da zazzaɓi ko gudawa da za su sa a garzaya asibiti ba. Naitiret, wanda yake fitowa daga masai da taki da ruɓaɓɓiyar shara, ya fi yi wa jarirai 'yan watanni illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da waɗannan biyun, sai ma ya ƙara musu ƙarfi domin ruwan ne yake ƙonewa su kuma suna nan.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka bar guba ta bayyana kanta. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Ba awon wata hukuma ne ya tona al'amarin ba, yawan mutuwar yaran ne ya ja hankalin likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF. A 2015 aka sake ganin irinsa a Shikira da ke Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Waccan gubar ta ƙura ce da ƙasa fiye da ta rijiya, amma darasin ɗaya ne ga mai zaune kusa da juji.

Hanyar da masana suke bi ba wani abin al'ajabi ba ce. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin awo kewaye da juji, ɗaya a ɓangaren da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, biyu ko uku a ɓangaren da yake gangarawa, a riƙa kwatanta su da damina da rani. Idan wurin tace ruwa ne ko mayanka, sai a ɗebi ruwan kogi sama da bututun da yake zubarwa, a kuma ɗebi na ƙasa da shi. Bambancin da ke tsakanin kwalaben biyu shi ne abin da wurin ya ƙara wa kogin, kuma babu jawabin da zai goge shi.

"Ai akwai hukumomi"

Akwai su kam, har sun yi yawa. A Abuja kaɗai akwai ma'aikatar muhalli ta tarayya, da NESREA, da hukumar kare muhalli ta Abuja wato AEPB, da hukumar ruwan sha ta birnin tarayya, da NAFDAC mai rajistar ruwan leda, da sashen kula da garuruwan kewaye, da ƙananan hukumomi shida waɗanda kundin tsarin mulki ya ɗora wa kwasar shara. Jujin bayan unguwar kawu ya faɗa a tsakaninsu, kowace tana iya cewa da gaskiyarta ba hurumina ba ne.

Matsala ta biyu ta tsari ce, kuma ba zargin wani ma'aikaci nake yi ba. Hukumar da ke kula da babban jujin Gosa da matatar ruwan masai ta Wupa da ke Idu, ita ce kuma take da alhakin hukunta masu gurɓata muhalli a cikin birni. Ko da dukkan ma'aikatanta waliyyai ne, ba a sa ɗalibi ya yi makin takardar jarrabawarsa. Wuraren da gwamnati ke gudanarwa su ne manya, su ne suka fi kowa sakin ruwa, saboda haka su ne suka fi buƙatar idon wani daga waje. Idan matatar Wupa tana aiki yadda aka tsara ta, to wallafa sakamakon awonta duk wata abin alfahari ne gare ta, kuma manomin lambun da ke ban ruwa a ƙasa da ita zai san da me yake shayar da alayyafonsa.

Sannan kogi bai san iyakar mulki ba. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma da ke Ushafa yake fitowa, ana kuma ƙara mata da ruwan da ake janyowa ta bututu daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna. Kogin Usuma ya ratsa Gwagwalada ya faɗa Gurara, Gurara kuma ya faɗa Kwara. Tsakanin Nyanya da Mararaba, ko tsakanin Zuba da Madalla, mai tafiya da ƙafa ba ya sanin lokacin da ya bar birnin tarayya ya shiga wata jiha, balle ruwan kwata. Awon da ya tsaya a kan iyakar ƙaramar hukuma rabin labari yake bayarwa. Muna da hukumomin raya koguna goma sha biyu, kuma Abuja tana ƙarƙashin wadda hedikwatarta take Minna, amma ƙarfin aikinsu ya tafi ne ga madatsun ruwa da noman rani.

A ƙasar Nuzilan (New Zealand) an shata iyakokin majalisun yankuna ne galibi bisa magudanan koguna, kuma dokar da suka yi a 1991 ta ɗora musu ba da izinin ɗibar ruwa da sakin gurɓataccen ruwa, da kuma bibiyar masu izinin. Majalisar yankin Taranaki, alal misali, tana wallafa rahoto duk shekara a kan jujin shara da matatun ruwa da masana'antu ɗaya bayan ɗaya: sau nawa aka kai ziyara, me aka auna, wane sharaɗi aka cika, wanne aka karya, sannan a ba wurin daraja cikin matakai huɗu, daga wanda ya yi ƙwarai zuwa wanda bai yi ba. Har wuraren da ƙananan hukumomi ke gudanarwa ba a ƙyale su, kuma kowa yana iya sauke rahoton daga intanet.

Ban kawo wannan misali don in ce can aljanna ce ba. A 2016, a garin Havelock North na ƙasar, kashin tumaki ya shiga rijiyoyin burtsatsen gari bayan ruwan sama mai ƙarfi, ruwan kuma ba a sa masa sinadarin kulorin, sai kimanin mutum 5,000 suka kwanta ciwo, wasu suka rasu. Abin da ya biyo baya shi ne binciken gwamnati a bainar jama'a, wanda ya bi takardun awo ya nuna inda aka yi sakaci, daga bisani aka kafa sabuwar hukumar kula da ruwan sha. An iya bin sawun kuskuren ne domin akwai sawun da aka bari a rubuce. Mu kuwa a 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe sama da 3,000 bisa alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, kuma da damina ta wuce sai maganar ta wuce tare da ita.

"Ina kuɗin?"

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda yake cin riba da ɗibar ruwa ko da zubar da ƙazanta shi ya kamata ya biya kuɗin awon, kamar yadda yake biyan kuɗin dizal da na leda, kuma haka ake yi a Nuzilan ɗin. Amma akwai tarko a nan. Idan mai masana'anta ne zai zaɓi wanda zai auna, ya biya shi hannu da hannu, ya kuma karɓi rahoton kafin kowa, to mai awon ya san cewa kwangilar baɗi tana rataye da sakamakon bana. Kamata ya yi kuɗin su shiga wani asusu, hukuma ta tura ɗakin gwaji ta hanyar ƙuri'a, ranar zuwa kuma kada a sanar. Jami'ar Abuja da sauran makarantun kimiyya da ke kusa suna da ɗalibai da malamai waɗanda wannan aiki zai zame musu karatu da abin yi.

Ba kowane gwaji ne mai tsada ba. Na dalma da sauran ƙarafa yana buƙatar babbar na'ura, wannan gaskiya ne, kuma sau biyu a shekara ya wadatar a wurare da yawa. Amma akwai 'yar na'urar hannu da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishirin da ya narke a ciki, wadda ita ce takan fara nuna ruwan juji ya iso. Akwai ƙwayar da ake jefawa a ruwan famfo ya canza launi gwargwadon kulorin da ya rage a cikinsa. Akwai 'yar kwalba da ake cikawa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, idan ruwan ya koma baƙi alama ce ta cewa bayan gida ya shiga. Ma'aikacin lafiyar unguwa zai iya koyon waɗannan cikin mako guda.

"Mai duban ma sai ya karɓi na goro"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban san ƙasar da nake ciki ba. Dattawa suna ba da labarin duba-gari na da, wanda yake shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, mata suna jin an ce ga shi nan sai a hau shara da wanke-wanke. Ana tunawa da shi da sha'awa, amma ko a lokacin akwai gidajen da yake wucewa ba ya shiga. Duba tsakanin mutum biyu a bayan ƙofa koyaushe yana da farashi.

Dalilin da ya sa na nace a kan kafe sakamako ke nan. Ƙaryar baki tana bin iska, amma ƙaryar lamba da aka rubuta a allo tana zaune tana jiran mai ƙaryata ta. Idan allon ƙofar juji ya ce ruwan rijiyar awo lafiya lau, alhali maƙwabta suna ganin rijiyoyinsu suna wari, za a sami malamin kimiyya ɗaya a unguwar da zai ɗebi ruwan ya kai wani ɗakin gwaji. Idan lambobin watan Agusta sun zo daidai da na watan Fabrairu shekara uku a jere, duk wanda ya san damina ya san an kwafa ne. Ana kuma iya raba samfurin gida biyu a gaban mai unguwa, kwalba ɗaya ta tafi wurin hukuma, ɗaya ta tafi wani wurin daban. Wannan ba zai kashe cin hanci ba, amma zai sa ya yi tsada kuma ya yi haɗari, domin yanzu sai an sayi mutum biyar maimakon ɗaya.

Kuma a rubuta sakamakon yadda mutane za su fahimta. Rahoto mai shafi tamanin da Turanci a kan shafin intanet ba zai amfani matar da ke ɗibar ruwa a Gwagwa ko Karmo ba. Allo ɗaya ya isa: ranar awo, abin da aka samu, iyakar da doka ta sa, da launi kore ko ja, cikin Hausa da Gbagyi da Turanci. A ba mai unguwa kwafi, a karanta a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi.

Masu cin abinci a wurin fa?

Wani zai ce wannan hanya ce ta rufe wa talaka wurin neman abinci, domin a bakin kowane juji akwai 'yan jari-bola, a bakin kowace rijiyar burtsatse akwai 'yan ga-ruwa da kurarsu. Tsoron yana da dalili, saboda salon hukuncin da muka saba gani shi ne a yi shekaru ba a leƙa wuri ba, rana ɗaya a zo da motoci da 'yan jarida a garƙame ƙofa, bayan mako biyu a buɗe ba tare da an gyara komai ba. Awo na yau da kullum shi ne yake ba da damar bin matakai: a nuna wa mutum lambar, a ba shi wa'adin gyara, a dawo a sake aunawa, sai ya ƙi sannan a ci shi tara, rufewa ta zo a ƙarshe. Mai gidan ruwan da yake kashe kuɗi wajen canza matatansa a kan kari kuwa, a karon farko zai sami abin da zai bambanta shi da wanda yake ɗura ruwa kai tsaye daga rijiya.

Ba zan wanke mu jama'a ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke ba mai amalanke kuɗi ya kwashe shara ba mu tambayi inda zai kai ta ba. Mu ne muke kiran motar kwasar masai mafi araha, alhali mun san arahar tata daga ina take, tunda ba za ta yi doguwar tafiya zuwa matata ba idan akwai rafi a kusa. Masana suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, amma a unguwannin da ake yanka fili ƙafa hamsin-hamsin, idan ka nisanta rijiyarka da naka masan sai ka kusanta ta da na maƙwabcinka. Bututun masai na gwamnati bai fita daga tsakiyar birni ya iso waɗannan unguwanni ba, ruwan famfo ma a wurare da yawa haka. Wannan cunkoso shi ne ya sa awon ya zama dole a wurinmu fiye da Maitama ko Asokoro, domin mu ne muke sha daga ƙarƙashin ƙafafunmu.

Kafin in bar gidan kawu mun zauna da mai unguwa da limamin masallacinsu. Na gaya musu cewa sashe na 20 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardun da ke hannunta, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Muka tsara wasiƙa mai tambayoyi uku: wa ya ba da izinin zuba shara a ramin nan, da waɗanne sharuɗɗa, kuma yaushe aka auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye da shi. Liman ya ce zai sanar bayan sallar Juma'a a haɗa kuɗin kai ruwan rijiyoyi biyar ɗakin gwaji, har da ta masallaci. Mai unguwa ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, idan sakamakon ya fito da muni, ina za mu sami wani ruwan?"

Ba ni da amsar da za ta kwantar masa da hankali, sai dai na ce idan an san rijiyoyin da suka lalace, an kuma san waɗanda ba su lalace ba, kuma da takardar gwaji a hannu ake zuwa neman famfo. Ya karɓi wasiƙar ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Da na kira kawu a makon jiya ya ce an tara kuɗin rijiyoyi uku, saura biyu. Motocin shara suna nan suna zuwa, yawanci da asuba. Ruwan sha kuwa, har yanzu jaka biyu yake saya kowace rana daga gidan ruwan ledar nan, domin shi ne mafi kusa kuma yaran gidan suna kawowa har ƙofa.